Lambar Yaya Haladu

Shekara takwas na yi ina yawo da oganaiza a aljihun gaban rigata, har aljihun ya saba, yana zazzagowa ko babu komai a ciki. Ga wanda bai riske ta ba, wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba, ana buɗe ta kamar littafi, sama gilashi, ƙasa ƙananan maɓallai. Ba ta kira, ba a kiranta. Ajiya kawai ta iya: lambobin mutane, ranakun taro, da duk abin da mutum ya rubuta don kada ya manta. Tana da agogo, tana kuma yin ƙara in lokacin da ka sa mata ya yi. Wani darakta da na yi wa aiki a sakatariya ne ya kawo min ita tsaraba daga waje, kuma a lokacin duk ofishin da na fito da ita sai an miƙo wuya. Mahaifiyata, Inna, allon Nasara take ce mata.

Sai ga shekarar dubu biyu da tara ta zo da manyan wayoyin nan masu shiga yanar gizo. Yaran da aka ɗauka aiki jiya jiya suka fara zama a ofis kai a sunkuye, yatsu na rawa, suna dariya su kaɗai. In na buɗe tawa zan duba ranar taro sai wani ya ce, "Oga Ɗanlarai, har yanzu kana tare da kakar taka?" Ina yin kamar ban ji ba, amma ina ji. Ni mutum ne da ba ya son raini, kuma wannan halin ya sha jefa ni a rami. Wata biyu na daure, a na uku na tafi kasuwar Wunti shagon Chukwunonso mai sayar da wayoyi.

Nonso ya san aikinsa, ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ya jona oganaizar da kwamfutarsa, ya jona sabuwar wayar da na saya, ya ɗan danne-danne, ya miƙo min.

"Oga, na kwashe maka suna da lamba duka. Duba ka gani, babu wanda ya ɓata."

Na duba, sunaye na ta gangarowa a gilashi mai launi, daga kwamishina har mai wankin hula. Bai ce ya kwashe ɓangaren rubuce-rubuce ba, ni kuma ban tambaya ba, hankalina na kan yadda zan ajiye ta a tebur gobe yaran nan su gani. A ɓangaren rubuce-rubucen nan kuwa akwai abu ɗaya da ya fi duk sunayen can daraja, lambar Yaya Haladu.

Mu biyu Inna ta haifa maza, shi ne babba. Shekara goma sha ɗaya kafin wannan lokacin ya ga wata yarinya, Charity, 'yar wani soja a barikin Shadawanka, ya ce ita zai aura. Inna ta ce ba da yawunta ba. Ya je aka ɗaura. Ranar da ya kawo ta gaisuwa gidanmu na Ƙofar Ran, Inna ta tsaya a tsakar gida ta ce in ya fita da yarinyar nan kada ƙafarsa ta sake taka zaurenta, kuma duk wanda ya neme shi a cikinmu ba ta yafe ba. Yaya Haladu da zuciya kamar tata. Ya juya, matar na biye da shi tana kuka, suka bar Bauchi a makon.

Bayan shekara biyar wasiƙa ta same ni a ofis. Yana Sapele can kudu, yana aikin katako, sun haifi yara biyu. Ya rubuta lambar wani mai kemis da ke maƙwabtaka da su, da kwatancen gidan. Na zauna na shigar da komai cikin oganaiza, ba cikin jerin sunaye ba, can cikin rubuce-rubuce inda ba mai leƙawa, sannan na ƙona takardar saboda tsoron bakin Inna. Sau uku kacal na kira shi, duka a wajen masu wayar haya da ke kafa lema a bakin titi, don kada ma lambata ta fita. A kira na ƙarshe ya ce min, "Ka daina wahalar da kanka. Duk ranar da ta neme ni da bakinta, ka kira nan, ko a ƙafa zan taho." Daga nan shekaru suka yi ta wucewa, har na manta ma inda na ajiye lambar.

Kwana goma da sayen waya matata Ni'ima ta haihu. Ranar suna mahaifinta ya zo daga Zungur. Ba zan faɗi sunansa ba, surukina ne, ko a takarda bakina ba zai iya ba. Dattijo ne manomi, mai kamun kai, wanda tun da ya ba ni 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na cire takalmi na durƙusa zan gaishe shi a zaure cikin mutane, sai oganaiza ta zamo daga aljihu ta faɗo kan tabarmarsa. Sabo ne ya sa nake ta yawo da ita, ga sabuwa a aljihun gefe. Ya ɗauka, ta buɗe a hannunsa, lokaci ya fito.

"Ikon Allah. Wannan abu da kyau yake. Agogo ne?"

"Har da agogo, Baba. Yana kuma yin ƙara in lokacin salla ya yi."

Ya jujjuya ta, ya sake cewa da kyau take. Abokaina na ofis na kallona. Kowa ya san abin da ake yi in babba ya yaba abin hannunka, balle suruki, balle ranar da 'yarsa ta haifa maka ɗa. Amma ba zan yi ƙarya in ce al'ada kaɗai ta tura ni ba. Na so yaran ofis su ga na wuce wurin, har ina kyauta da kakar tawa.

"Ai naka ne, Baba."

Ya ƙi sau biyu, na nace sau uku, ya karɓa ya sa min albarka. Na saita masa ƙarar azahar da la'asar. Wani abokina ya ce kai, Ɗanlarai akwai hannun kyauta, ni kuwa na ji kaina ya ƙara girma.

Mako uku bayan haka Inna ta kwanta. Dama tana fama da hawan jini da ciwon ƙafa, sai abin ya haɗu da ƙoda. Muka yi kwana biyar a asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce in mayar da ita gida a ci gaba da addu'a. Ran da muka dawo, da la'asar, ina zaune bakin gadonta ina yi mata fifita, ta kama hannuna.

"Ɗanlarai, na san kana da labarinsa. Kada ka yi min musu, ni na haife ka. Ka nemo min yayanka. Ba na so in tafi da maganar nan a wuyansa."

Na fito tsakar gida cike da murna. Shekara goma sha ɗaya nake jiran kalmar nan. Na ciro waya, na rubuta Haladu, babu. Na rubuta Yaya, na rubuta Sapele, na rubuta kemis, babu. Wayar da ke iya nuna min yanayin sama na ƙasar Makka ba ta san ɗan'uwana ba. Can na tuna inda na ɓoye lambar, na tuna kuma aljihun da take ciki yanzu, sai na nemi turmi na zauna.

Na gaya wa Ni'ima komai. Tana cikin jego, ko ƙofar gida ba ta fita, Baba kuma ba shi da waya.

"To mene ne a ciki?" in ji ta. "Ka je ka ce masa akwai lambar da za ka kwafa. Minti nawa ne? Ba cewa za ka yi ya dawo maka da ita ba."

"Ke ba ki san komai ba. In je gaban mahaifinki in ce ya ciro kyautar da na ba shi in bincika? Gobe a ce mijin Ni'ima ya bi sawun kyautarsa har Zungur?"

"Wa zai ce?"

"Kowa."

Ta ci gaba da ba jariri nono. Gaskiyarta ce, shi ya sa ma na ji haushinta. Tun muna yara ake karanta mana cewa mai karɓe kyautarsa kamar kare ne da ya koma ya lashe amansa, kuma duk da na san kwafar lamba ba karɓewa ba ce, a kunnena iri ɗaya suke. Na fara neman wata hanya. Na je Shadawanka ko zan sami wanda ya san mahaifin Charity. Wata mai sayar da kayan miya a bakin bariki, Roda, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, ta ce ta tuna su, amma an yi musu canji tun tuni, wasu na cewa Jaji, wasu na cewa tsohon ma ya mutu. Soja ba ya barin sawu. Kwana biyu na ɓata a wannan yawon.

Ranar Asabar na sayi goro da sukari da sabulu na hau babur sai Zungur. Duk hanya ina tsara magana, ina gyarawa. Na same shi a zaure da wasu dattawa biyu, sun dawo daga gona. Na durƙusa daga bakin ƙofa, aka gaisa, aka tambayi mai jego, aka tambayi jikin Inna, na ce da sauƙi. Haka ake cewa, ko mutum na shure-shuren mutuwa da sauƙi ne. Sai Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro ta. Ashe har baduku ya sa ya ɗinka mata gida na jar fata, da 'yar igiya.

"Kun ga wanda ya ba ni abin nan da nake gaya muku. Magana ɗaya na yi, ya ce nawa ne. Yanzu ko ladan ni yake tambaya lokaci."

Dattawan suka shiga yabo. Ɗaya ya ce irin waɗannan surukai sun ƙare a zamanin nan, ɗayan ya ce wanda ya ba ka abin da yake so ya gama maka komai. Ina durƙushe, lambar yayana na nan taku uku daga inda nake, cikin jar fata. Duk maganar da na tsara ta gudu. Na kalli na'urar, na kalli ƙasa, na sake kallonta. Da ƙyar na iya cewa, "Tana dai aiki lafiya ko, Baba? Ba a dai taɓa abin da ke cikinta ba?"

Ya dube ni na ɗan lokaci, abin da bai saba yi ba. Ya ce lafiya lau take, ba mai taɓa ta sai shi. Ya mayar da ita aljihu. Aka kawo fura na sha, aka ɗaura min buhun gyaɗa rabi a bayan babur, na yi godiya na taho. Na ce wa kaina zan dawo ranar da ba kowa. Da na shiga gida Ni'ima ta dubi hannuna, ta dubi gyaɗar, ta kawar da kai, da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Lahadi Inna ta tambaye ni, na ce ina nema. Litinin ta tambaya, na ce an kusa. Talata ta daina cin abinci, sai ruwa a cokali, idonta kuma kullum yana ƙofa. Safiyar Laraba ban je ofis ba. Na ce yau ko gaban limamin Zungur ne da jama'arsa zan faɗa, kunya ta ci kanta.

Na same shi shi kaɗai a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Ko gaisuwar ban bari ta yi nisa ba.

"Baba, ka gafarce ni, wata magana ce ta kawo ni a kan na'urar nan. Akwai wani rubutu a ciki..."

Ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Malam, kwantar da hankalinka. Ba sai ka faɗa ba, ni ba yaro ba ne. Tun ranar Asabar na ga yadda kake kallonta, na kuma ji tambayar da ka yi. Na ce wannan bawan Allah akwai sirrinsa a ciki, na ofis ko na gida, kunya ce ta hana shi magana. Ni ban iya boko ba, amma gidan nan akwai masu karatu, Juwairiyya ƙanwar matarka ma ta taɓa cewa in ba ta ta gani na hana. Abin ya tsaya min a rai. Shekaranjiya Litinin na shiga Bauchi takanas, na kai wa wani mai gyaran agogo, na ce ya share duk abin da ke ciki, kada ya karanta, agogon kawai zai bar min. A gabana ya sa allura a wani ɗan rami a bayanta. Ya ce ko wanda ya ƙera ta ba zai sake ganin komai ba. Sirrinka ya tafi da rufinsa."

Ya ciro ta ya miƙo min don in tabbatar. Na buɗe. Na shiga ɓangaren rubuce-rubuce, fari tas. Na fita na sake shiga. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida, shi ke nan abin da ta sani.

Dattijon nan ya bar gonarsa da damina, ya hau motar kasuwa, ya yi tafiyar nan duka don ya rufa min asiri. Garin neman gira muka rasa ido, ni da shi, kowa yana kare mutuncin ɗan'uwansa. Na so in yi ihu, na so in buga abin da ƙasa, na so in ce masa wa ya aike ka. Yana kallona yana jiran ya ga na sami natsuwa.

"Na gode, Baba," na ce. "Allah ya saka da alheri."

"Ba komai. Ai ɗa na kowa ne."

Daga Zungur shagon Nonso na zarce, ko akwai abin da ya rage a kwamfutarsa. Ya duba ya girgiza kai, ya ce suna da lamba kawai ya ɗauka, da na gaya masa da ya kwashe har rubutun, aikin minti biyu ne. Na tsaya bakin titi ina matsa ƙwaƙwalwata. Na tuna lambar tana da bakwai biyu a jere a wani wuri. Na tuna akwai coci mai jan rufi a kwatancen. Na kira lambobi sun fi ashirin da ka, wani ya zage ni da Yarabanci, wata ta ce in daina damunta. Sapele tafiyar yini ce da ɗoriya, kuma ko na je, garin ba zauren gidanmu ba ne da zan shiga in ce ina Haladu.

Da na isa gida bayan la'asar mata sun cika ɗakin Inna. Ta ji motsina ta buɗe ido.

"Ka same shi?"

Na dubi fuskarta, duk ta zube, idon nan kaɗai ya rage. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Na same shi, Inna."

"Kira min shi. Ba ni in ji."

Ni'ima na tsaye bakin ƙofa da jariri a kafaɗa, ta dube ni, ta gane, ta juya ta fita. Na ciro wayar, na danna wasu maɓallai don a ji ƙara, na kai kunnena, na ce, "Yaya, ga Inna." Sannan na durƙusa na riƙe mata a kunne. Gilashin ma ya riga ya mutu, baƙi ƙirin.

Ɗan fari ne, tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai ran nan.

"Haladu," ta ce. "Haladu, ni ce. Maganar da na yi na janye ta. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min. Ka taho da yarinyar, ka taho da yaran in gan su."

Ta kasa kunne tana saurare. Matan da ke ɗakin suna ta share hawaye suna hamdala, wata tana cewa kai, zamani ya zo da abin alheri. Can ta ɗan kawar da kai.

"Bai ce komai ba."

"Layin ne ba kyau, Inna."

"A'a, kuka yake yi. Na san abina, tun yana ƙarami in yana kuka ba a jin sautinsa. Ka ce masa kada ya sa direba gudu, ina nan."

Ta sa aka share ɗakin zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ranar Alhamis har ta sha kunu cokali huɗu, ta ce kada su zo su same ta ba ƙarfi. Ranar Juma'a da hantsi ta rasu, fuskarta a sake, ta tafi da yaƙinin ya ji. Na je Sapele sau biyu bayan arba'in, na ga coci mai jan rufi ya fi goma, masu kemis ba adadi. Har yau ban same shi na gaya masa an yafe masa ba.